Sharaɗi na Huɗu da Likkafanin Inna

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin Talata, bayan an sauko daga sallar la'asar, mu huɗu ne a tsakar gidanmu na Faskari: ni, da mahaifiyarmu da muke kira Inna, da ƙanenta Kawu wanda ya zo daga Sabuwa zai kwana biyu, da ƙanena, autanmu. Lokacin kaka ne, Inna na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na riƙe lokacin ne domin nakan duba agogo kafin in sa tabarau, duk ranar da zan karanta takarda.

Bari in fara da yadda takardar ta zo hannuna, don kada a ruɗe.

Autanmu malami ne a jami'a. Ƙasar noma ya karanta, har ana ce masa Dakta. Ni firamare na gama, na ƙara shekara biyu a gaba da ita, sannan na yi shekara talatin da ɗaya ina yankan kati a asibiti har na ajiye aiki. Wata jami'a a ƙasar Turawa ta gayyace shi ya je ya zauna wata shida, ya yi bincike tare da malamansu a kan dawa mai jure fari. Amma sun ce kowane baƙon malami sai ya yi inshorar lafiya kafin su aiko masa da takardar neman biza, wato ya shiga tsarin da in ya kwanta ciwo a can, kamfani ne zai ɗauki nauyin asibiti. Suka ba shi zuwa Juma'a ya sa hannu ya mayar. In ya wuce, a ba wani gurbin.

Gidanmu akwai doka biyu. Ta farko, ba mai tafiyar da zai kwana a wani gari, ko Funtuwa ce, sai Inna ta ce masa a sauka lafiya. Ta biyu ta marigayi Baba ce. Ya taɓa dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masa ba, aka wayi gari wani yanki na gonarmu ta Tafoki ya koma hannun wani. Tun daga ranar ya ce duk takardar da wani ɗan gidan zai sa wa hannu, a karanta ta a bainar iyali, daga layin farko zuwa na ƙarshe, kuma ni zan karanta, tunda ni ne babba. Ni kuma na ƙara ƙa'ida biyu tawa a kai. Ba na leƙa takarda ni kaɗai kafin a taru. In kuma aka katse ni, daga farko ake komawa.

Kafin mu zauna, Auta ya ja ni zaure ya rage murya.

"Yaya, don girman Allah, in ka zo sharaɗi na huɗu ka tsallake."

"Me ke cikinsa?"

"Ni ma kan maganar kawai na gani. Wani abokin aikina da ya taɓa zuwa ya ce kada tsofaffi su ji."

"Dakta guda, za ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba?"

"Shafi tara ne fa, Yaya."

"Baba shafi ɗaya ya dangwala wa."

Muka koma tsakar gida. Ya ɗauka na amince. Ni ban ce masa na yarda ba.

Takardar da Turanci take. Turancina na asibiti ne, ba ya gudu, amma yana isa inda za shi. Nakan karanta layi, in mayar da shi Hausa, sannan in wuce. Sharaɗi na ɗaya ya faɗi wanda inshorar ta rufe. Na biyu ya ce in ya kwanta asibiti, kamfani zai biya gado da magani da likita. Nan Kawu ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wato tun bai yi ciwon ba an shirya biyan maganin? In bai yi ba fa?"

Auta ya ce, "Shi ke nan, Kawu. Sai a gode wa Allah."

"A'a, ɗana, ka daure ka yi ko mura ce. Kada a ci banza."

Inna ta yi murmushi, hannunta bai bar gyaɗa ba. Na uku ya yi maganar motar asibiti, da jirgin da zai ɗauki mara lafiya in abin ya yi tsanani. Inna ta ce, "Allah shi tsare." Muka ce amin.

Na huɗu yana can ƙasan shafi na biyu. Auta ya fara tari. Na jira ya gama. Ya sake wani, na sake jira. Da na ga tarin ba mai ƙarewa ba ne, na ɗaga murya na karanta a kansa: idan baƙon malami ya rasu a lokacin zamansa, kamfani zai ɗauki nauyin shirya gawarsa, da akwati, da jirgin da zai dawo da ita ƙasarsu. Nan shafin ya ƙare. Na lashi yatsa zan juya, sai na ji ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta dubi Kawu.

"A tambayi wancan, gawar wa?"

Na ce, "Ta baƙon malami, Inna."

"Wane ne baƙon malamin?"

Auta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Yaro bai ko ɗaura kaya ba, an auna mashi akwati." Ta tattara gyaɗarta cikin ƙwarya, ta miƙe. "Ba ya tahiya. Kada a sake kawo mani zancen takardar nan."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Na duba agogo, biyar saura kwata. Na ninke takardar, na sa a aljihun teburina, na kulle. Auta yana da ilimin da zai karance ta cikin minti goma, amma ya tsaya fushi da ni, bai ko nemi mabuɗin ba.

Ranar Laraba Kawu ya ce a bar masa, shi ya san yayarsa. Ya shiga bayan azahar, mu muna waje muna jin komai, domin Kawu bai iya magana a hankali ba.

"Yaya, ke ma dai! Ai alheri ne. Mutum ya mutu a ɗauko shi a jirgi har gida. Ni da raina ban taɓa shiga ba."

Ba mu ji amsarta ba. Mun dai ga Kawu ya fito da sauri, takalmin Inna ɗaya ya biyo shi har bakin rijiya. Ta aiko masa cewa motar Sabuwa ba ta ƙare a tasha ba. Bai tafi ba, ya ce sai ya ga ƙarshen abin.

Ran nan Auta bai ci abinci ba. Na same shi a zaure da yamma, yana zaune ya tasa jakarsa a gaba. Shekara shida yana shuka irin dawar nan a gefen gonarmu ta Tafoki, yana auna tsawonta, yana rubutawa, har mutanen gari suna cewa Dakta ya fi son dawa da awo a kan dawa da tuwo. Wannan gayyatar ita ce karo na farko da wani daga nesa ya ce yana son ganin abin da ya samo. Kuma na san shi, ko da kujerarsa na cikin jirgi, in Inna ba ta sallame shi ba, ba zai hau ba.

Ya ce, "Layi ɗaya na roƙe ka, Yaya."

Ban yi nadamar karantawa ba, har yau ban yi ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ranar Alhamis, ƙarfe tara da rabi na safe, na yi sallama a ƙofar Inna. A ƙuryar ɗakinta akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe. Duk shekara in damina ta wuce ni ne mai fitar da kayan ciki a shanya, domin ta ce ni kaɗai ke mayar da abu yadda na same shi. Don haka na san jerinsu: zannuwa a sama, tasoshin aurenta a tsakiya, can ƙasa kuma farin yadi a naɗe cikin leda. A Makka ta saye shi shekarar da ta sauke farali, ta tsoma shi a zamzam, ta shanya, ta kawo gida. Likkafaninta ne.

Ba kowa a ɗakin da za ta bi ta kansa, sai ta dubi adakar ta yi mata magana.

"A gaya wa mai shigowa ba ni son jin takarda."

"Ba takarda na kawo ba, Inna. Tambaya uku ce, in an gama in fita."

Ba ta ce a'a ba. Na zauna a bakin ƙofa.

"Ta farko. Me ke can ƙasan adakar nan?"

"Ya fi kowa sani."

"Ta biyu. Shekara nawa ke nan?"

Ta ƙirga a yatsu. "Goma sha ɗaya, in Allah ya kai mu babbar salla."

"Ta uku. Cikin shekarun nan, ya taɓa kiranki?"

Na ga kafaɗarta na motsi, na gane dariya take dannewa. Ta ce wa adakar, "Ji mara kunya." Can ta gyara zama, muryarta ta canja.

"Wa ya ce shirin nike tsoro? Wanda bai shirya ba ai shi ne sakarai. Ubanku ya cika da hantsi, kafin azahar an rufe shi, ya huta. Shi kuma wannan, in ta Allah ta kasance, a sa mani shi cikin firij kamar kifi, shina jiran jirgi sati biyu, sati uku, ana buga mashi hatimi? Ko can ɗin ba su da ƙasa ne? Wannan ne ba ni sa albarka a kai."

Kwana biyu mu uku muna ta lallashin abin da ba shi ke damunta ba. Na ce, "Inna, ban gama sharaɗin ba. Kin tashi yatsana na kan shafi."

"Mi ke gaba?"

"Ban sani ba."

A nan ne ta juyo ta dube ni ido da ido, abin da ba ta cika yi ba. "Kwana biyu takarda na hannunka ba ka duba ba?"

"Ba a taru ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce wa adakar, "A kira su."

Ƙarfe goma da minti goma muka sake zama, mu huɗun nan, a wuri ɗaya. Na sa tabarau, na buɗe shafi na farko. Auta ya zabura.

"Yaya, daga na huɗu!"

"Daga farko."

"Gobe fa Juma'a!"

"To kada ka ƙara katse ni, don in ka katse za mu sake komawa."

Kawu ya kama baki. Na karanta na ɗaya. Na karanta na biyu, Kawu ya maimaita zancensa na mura, ba wanda ya yi dariya. Na uku ya wuce, Inna ta ce Allah shi tsare. Na huɗu na sake karanta shi kamar yadda yake, da gawa da akwati da jirgi, ban rage komai ba. Na lashi yatsa, na juya. Layin farko na shafi na uku ci gaban maganar ne: ko kuwa, idan iyalinsa sun zaɓi haka, nauyin binne shi a garin da ya rasu, bisa tsarin addininsa.

Inna ta ce wa Kawu, "A sake."

Na sake.

"A ƙara."

Na ƙara. Wannan ba katsewa ba ce, umarni ne, don haka ban koma farko ba.

"Wane ne iyalin da za a tambaya?"

Auta ya ce akwai gurbin da ake rubuta sunan wanda za a kira in wani abu ya faru, kuma sunana ya rubuta. Inna ta ce, "To a gaya wa wancan, in ya bari anka sa mani ɗa cikin firij, ban yafe ba." Na ce na ji. Ta tambayi Auta ko akwai Musulmi a garin. Ya ce akwai, har da masallaci kusa da jami'ar, ya gani a waya. Ta tambaya ko sun san alƙibla. Ya ce sun sani. Kawu ya ce shi dai har yanzu jirgin ya fi burge shi, ta dube shi, ya dubi takalminta, ya matsa baya.

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar murfin adaka. Ta fito da farin yadin nan a cikin ledarsa, ta ɗora wa Auta a cinya.

"Ba a san irin yadin da suke da shi can ba."

Auta ya rasa inda zai sa hannunsa. "Inna, naki ne fa."

"Na sani. Aro ne. Ka dawo mani da abuna, kuma da hannunka za ka miƙo mani shi." Ta koma kan tabarmarta, ta jawo ƙwaryar gyaɗa. "A sauka lafiya."

Daga nan taro ya watse. Auta ya bi Inna yana godiya, Kawu ya jingina da bango ya ja hula kan ido. Saura kusan shafi bakwai. Na ci gaba da karatu, domin doka ba ta ce a tsaya in an samu abin da ake so ba. Da na zo sharaɗi na bakwai na ɗaga murya sosai: inshorar ba ta ɗauki ciwon haƙori ba. Kaji ne kawai suka ɗago kai. Na gama ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar, na miƙa wa Auta biro.

Lokacin sabis ɗin waya ba ya zama a wajenmu. Da safiyar Juma'a ya kama hanya, sai da ya kai Kankara ya samu ya aika takardar ta waya. Ta shiga kafin a tafi masallaci. Da lokacin tafiya ya zo, Inna ta haɗa masa yaji da kuka da daddawa, da ƙuli-ƙulin da ta soya da hannunta daga gyaɗar nan da take ɓara. Ƙuli-ƙulin Inna sananne ne a unguwarmu. Ba a tauna shi sai an jiƙa.

Bayan wata shida ya dawo lafiya, ya yi fari, ya ƙara ƙiba. Kafin ya sha ruwa ya durƙusa ya miƙa wa Inna ledarta da hannu biyu. Ta buɗe, ta shinshina, ta ce tana jin ƙamshin sabulun da ba namu ba. Ya ce cikin kayansa ya zauna, shi ya sa. Ta ba ni na mayar ƙasan adaka.

Bayan azahar ya ja ni zaure, wurin da ya roƙe ni in tsallake layi. Ya ce abu biyu zai gaya mini. Na ce ya fara da na farko.

Na farko, a wata na biyu ƙuli-ƙuli ya fasa masa turmin haƙori ɗaya. Ya tafi wurin likitan haƙori da katin inshorarsa yana taƙama, wata mata ta buɗe takarda ta nuna masa sharaɗi na bakwai. Na tashi na buɗe aljihun tebur, na ɗauko takardar da ya bar mini, na ɗora yatsa a wurin, na bar shi ya karanta da kansa. Da ƙarfi.

Na biyu ya fi nauyi. Ya sauka cikin tsananin sanyi. Ɗakin da aka ba shi akwai na'urar ɗumama ɗaki, amma bai gane inda ake kunna ta ba, kuma yana jin nauyin a ce Dakta daga Najeriya yana tambayar makunni. Bargon da ya tarar bai isa ba. Ya sa rigunansa duka, bai isa ba. Sai ya buɗe ledar Inna, ya ninka yadin gida huɗu, ya lulluɓa.

"Kwana nawa?"

"Tara, Yaya. Kullum ina tashi lafiya."

"Sabulun fa?"

"Shayi ya zube a kai. Na sa shi a injin wanki."

"Sau nawa?"

"Biyu."

"Zamzam ɗin fa?"

Ya dubi takalminsa.

Na bar maganar har damina ta wuce. Wani maƙwabcinmu ya dawo daga Umra, na roƙe shi zamzam a 'yar kwalba, ban faɗa masa dalili ba. Ranar shanyar kayan adaka na shimfiɗa yadin a bayan ɗaki, na yayyafa masa tun daga wannan baki zuwa wancan, na bar shi ya bushe, na naɗe shi yadda yake, na mayar. Zannuwa a sama, tasoshi a tsakiya, shi a ƙasa. Inna ta leƙa ta ce wa adakar, shi ya sa ba ta ba kowa wannan aikin sai wancan.

Inna tana nan da ranta. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau, kuma tana son a karanta mata abu. Duk wanda ya shigo gaishe ta da takarda a hannu sai ta ce ya zauna ya karanta. Ni ban taɓa tsallake layi ba, ba kuma zan fara da tsufana ba, don haka wannan rubutun ba zai bi ta hannuna ya shiga gidan ba. Amma kai mai karatu dokar Baba ba ta hau kanka ba. In wata rana ka biyo ta Faskari, wata tsohuwa mai ɓarar gyaɗa ta sa ka karanta mata wannan, ina roƙonka ka tsaya daidai inda ta ce a sauka lafiya. Ka rufe, ka ce nan ya ƙare, kuma ka zauna nesa da takalminta.